Tudun Yashi da Kututturen da Bai Mutu Ba

Karatu: Farawa 2:4-15, Ayuba 14:7-14, Ishaya 11:1-2

Ina gaida ku da kuke Kuje, da Kwali, da Abaji, da Bwari, da Gwagwalada, da Karu, da dukan ƙauyukan da wannan murya take kaiwa. Wasunmu Gbagyi suke ji a gida, wasu Gade, wasu Gwandara, wasu Koro ko Bassa, wasu kuma daga Filato ko Kudancin Kaduna suka zo neman abinci. Mun gode wa Allah da ya ba mu harshen Hausa domin mu zauna tare mu ji Maganarsa. Idan akwai Littafi Mai Tsarki kusa da ku, a sa wani yaro ya karanta wuraren nan uku da ƙarfi kafin mu ci gaba.

Iyayenmu mata sun san wahalar watan Disamba da Janairu. Ki share ɗaki da safe, ki goge tebur, kafin la'asar farar ƙura ta sake rufe shi. Leɓe ya tsage, yara suna tari, hazo ya rufe Dutsen Zuma har ba a ganinsa daga hanya. Ko kun taɓa tambaya daga ina wannan ƙura take fitowa? Yawancinta daga wani babban kwari ne da ake kira Bodele a arewacin ƙasar Chadi. A zamanin dā can ruwan tafki ne ya cika wurin. Ruwan ya ƙafe, ya bar busasshiyar laka, iskar hunturu kuwa takan kwaso ta ta kawo mana har cikin ɗaki. Ashe hamada tana kawo mana ziyara kowace shekara. Yau ina so mu rama mata ziyara, mu ga abin da Allah zai koya mana a can.

Abin da na gani a Tulo-Tulo

A cikin ƙasarmu Najeriya akwai tuddan yashi irin waɗanda muke gani a hoto. Suna cikin Ƙaramar Hukumar Yusufari a Jihar Yobe, dab da iyakar Jamhuriyar Nijar. Na taɓa zuwa wurin tare da waɗansu 'yan'uwa. Muka tashi daga Abuja muka kwana Kano, muka bi ta Haɗeja, da Nguru, da Gashuwa, har Yusufari. Daga can kwalta ba ta da amfani. Sai babbar mota mai ƙarfin shiga yashi, da direba ɗan ƙasa wanda ya san hanya, gama iska takan shafe sawun mota cikin dare ɗaya.

Da muka isa Tulo-Tulo da yamma, muka tuɓe takalma muka hau tudu. Ka taka sau uku, yashi ya mai da kai baya sau ɗaya. Da muka kai bisa, kowa ya yi shiru. Tudu bayan tudu, ja-ja a hasken rana mai faɗuwa, iska ta zana layuka a jikinsu kamar an yi da tsintsiya. A ƙarƙashinmu kuma ga kwari kore shar, da dabino, da goruba, da ruwa, da 'yan lambuna. A irin waɗannan kwaruruwa ne mutanen wurin suke haƙar kanwa, wadda matanmu suke sa wa a miya da wake. Na tuna yadda Allah ya yi wa Ibrahim alkawarin zuriya mai yawa kamar yashi. Na damƙi yashi a hannuna, na ga ko abin da ke cikin tafin hannu ɗaya ba zan iya ƙirgawa ba. Muka raira waƙar yabo a wurin. Hakika hamada ma aikin hannun Allah ce, tana kuwa da kyau ƙwarai.

Amma da muka sauko, wani dattijo Manga wanda ya karɓe mu ya kai mu gefen gari. Musulmi ne, ya yi mana karamci da shayi da dabino. Ya nuna mana wani tudu ya ce, “Gonar geron mahaifina tana ƙarƙashin wannan.” Ya nuna mana kan wata goruba da ta leƙo daga cikin yashi, ya ce yana yaro sai an hau ake tsinko 'ya'yanta. Murnarmu ta koma ciki. Abin da muka zo kallo muna ɗaukar hoto, shi ne ya ci gonar mai masaukinmu.

Me yake riƙe yashi?

Na tambayi kaina, yaya aka yi haka? Masana ƙasa sun ce tuddan nan tsofaffi ne ƙwarai. Shekaru dubbai suna kwance wuri ɗaya, domin ciyawa da ƙananan itatuwa sun rufe su. Saiwoyin ƙarangiya, da gamba, da sabara, da aduwa, su suka ɗaure yashin kamar yadda zare yake riƙe tufa. A can damina da kyar take kai wata uku, alhali mu a nan Abuja muna samun ruwa wata shida ko fiye. Saboda haka ɗan koren da ke bisa yashin ba shi da kauri ko kaɗan.

Sai aka yi babban fari daga 1972 zuwa 1974, aka sake yin wani a 1984. Dattawanmu suna tunawa da yunwar waɗannan shekaru. Ciyawa ta ƙone. Dabbobi masu yunwa suka cinye abin da ya ragu har saiwa, suka tattake bakin rijiyoyi. Mutane suka sare itatuwa domin girki da sayarwa, gama ba su da wata hanyar samun abinci. Da ƙasa ta zama tsirara, iska ta sami ƙofa. Yashin da ya daɗe yana barci ya tashi ya fara tafiya, ya rufe gonaki, da rijiyoyi, da hanyoyi, da gidaje. Tafkin Chadi ma, wanda a wajen 1963 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000, ya janye ƙwarai a waɗannan shekaru.

Ku lura da wannan, 'yan'uwa. Ba katanga ce take riƙe tudun yashi ba. 'Yan ƙananan saiwoyi ne waɗanda ido ba ya gani. Kuma ba a rana ɗaya ƙasar ta lalace ba. Wannan ya sare itace ɗaya, wancan ya sare ɗaya, kowa yana cewa, “Nawa guda ɗaya ne kawai.”

Ƙasa ta wane ne?

A Farawa sura 2 mun ga Allah ya siffata mutum daga turɓayar ƙasa, ya dasa gona, ya sa mutum a ciki. Ya ba shi aiki iri biyu a aya ta 15: ya yi noma, ya kuma yi tsaron gonar. Mu manoma mun riƙe na farko da hannu biyu, na biyun ne muke mantawa. Wannan umarni kuwa an ba da shi tun kafin zunubi ya shigo duniya. Kula da ƙasa yana cikin ainihin aikin da Allah ya halicce mu dominsa.

A Littafin Firistoci sura 25 Ubangiji ya umarci Isra'ilawa su bar ƙasa ta huta a kowace shekara ta bakwai. A aya ta 23 ya faɗa musu dalili: shi ne mai ƙasar, su kuwa baƙi ne da ya saukar a cikinta. A Maimaitawar Shari'a 20:19 har a lokacin yaƙi ya hana su sare itatuwa masu ba da 'ya'ya na garin da suka kewaye. Ku duba fa. Allah ya hana soja sa gatari a itacen abokin gaba. To, me zai ce da ni idan na sare ɗorawar da kakana ya bari domin jikokina?

Mu mutanen yankin nan mun san zafin maganar ƙasa. Tun da aka kafa dokar ƙirƙiro Babban Birnin Tarayya a 1976, har aka dawo da gwamnati nan a ran 12 ga Disamba 1991, iyalai da yawa sun bar gonaki da kaburburan kakanninsu. Mun san yadda mutum yake ji sa'ad da ya nuna wuri ya ce, “Nan ne gonar mahaifina take dā.” Saboda haka ya kamata mu fi kowa jin tausayin dattijon nan na Tulo-Tulo. Ya kamata kuma mu fi kowa riƙe ɗan abin da ya rage a hannunmu da tsoron Allah.

Mu na Abuja fa?

Wani zai ce, “Malam, Yobe tana da nisa. Mu nan ga ruwa, ga duwatsu, ga kurmi.” Gaskiya ne tudun yashi bai zo Kwali ba. Amma Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ku bi hanyar Kaduna, ko ta Keffi, ko ta Lokoja, ku ƙirga buhunan gawayi da aka jera a bakin titi. Kowane buhu itace ne dā. Masu ƙona gawayi kuma sun fi son itace mai tauri, irin su kirya da kaɗanya. Kaɗanya kuwa takan yi shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, amma ana kā da ita kafin rana ta take tsaka. Iyayenmu mata sun biya kuɗin makarantar yara da man kaɗe da daddawa. Yau a ƙauyuka da yawa sai mace ta yi tafiya mai nisa kafin ta tsinci abin da dā take samu a bayan gida. Inda aka aske tudu, ruwan sama yakan kwashe ƙasa mai kyau, ya bar kwazazzabo. Su a arewa iska ce take kwashe musu ƙasa, mu a nan ruwa ne, amma asarar ɗaya ce.

Ban zo in la'anci mai ƙona gawayi ba. Na san gwauruwar da buhun gawayi ne yake ciyar da marayunta. Na san kalanzir da iskar gas sun fi ƙarfin gidaje da yawa. Mu da muke saye a birni ma hannunmu yana ciki. Abin da nake cewa shi ne, kada talauci ya sa mu cinye irin shuka. Akwai hanyar samun itace ba tare da kashe itace ba, zan kuwa faɗa muku ita.

Akwai abu na biyu. Sa'ad da ƙasa ta mutu a arewa, mutanenta ba sa mutuwa tare da ita. Sukan taso kudu da dabbobinsu da iyalansu, waɗansu su zo birni su yi ga-ruwa ko gadi. Mun sani an zub da jini a wurare da yawa a kan gona da kiyo, waɗansu da suke jina yanzu sun binne 'yan'uwansu. Ba na rage zafin wannan ko kaɗan, mai laifi kuwa dole shari'a ta kama shi. Amma ba kowane baƙo ne mugu ba. Wani yashi ne ya kore shi daga gonar mahaifinsa. Ubangijinmu ya ce za a tambaye mu a ranar ƙarshe yadda muka yi da baƙo da mayunwaci (Matiyu 25:31-46).

Kurmin da ke ƙarƙashin ƙasa

Yanzu ga labari mai daɗi. A farkon shekarun 1980 wani ɗan mishan na SIM daga ƙasar Ostareliya, mai suna Tony Rinaudo, yana aiki a yankin Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. Aikinsa dasa itatuwa ne. Ya yi ta reno, ya yi ta dasawa, amma yawancinsu suka mutu saboda rana, da iska, da awaki, da gara. Ya kusa fid da zuciya. Wata rana a 1983 ya tsaya a hanya domin ya rage iskar tayar motarsa ya iya ratsa yashi. Ya dubi ƙasar, ya yi addu'a Allah ya gafarta wa mutane ɓarnar da suka yi wa halittarsa, ya kuma buɗe masa ido. Sai ya lura da wani ɗan tsiro a gefen hanya, irin wanda manoma suke sassabewa kowace shekara. Da ya duba ganyensa da kyau, ya gane ashe itace ne. An sare shi tun da daɗewa, amma kututturen da saiwoyinsa suna da rai a ƙarƙashin ƙasa, suna ta ƙoƙarin tohowa. Irinsu kuwa sun cika gonaki.

Dabarar mai sauƙi ce. A lokacin sharar gona, maimakon ka sassabe dukan tohon da ya fito daga kututture, sai ka zaɓi masu ƙarfi kaɗan ka bari, ka yanke sauran, ka tsare su daga dabbobi da wuta. Da yake tsohuwar saiwa ta riga ta yi zurfi, itacen yakan girma da sauri. Manoman Nijar suna kiran wannan sassabin zamani. Da fari mutane sun yi ta dariya, gama a ganinsu gonar kirki ita ce wadda aka share tas. A yunwar 1984 aka haɗa dabarar da aikin raba abinci, mutane da yawa suka gwada. Waɗanda suka riƙe ta suka ga iska ta daina binne musu shuka, ga itacen girki daga rassan da suke ragewa, ga abincin dabbobi. Suka bar gawo ya yi girma a gona, itacen nan mai ban mamaki da yake zub da ganyensa da damina, ya bar gero ya sha rana, ya kuma ba ƙasa taki. Maƙwabci ya koya wa maƙwabci, Kirista da Musulmi. Bayan shekara 20 da ɗoriya, masu bincike suka ƙiyasta an farfaɗo da ƙasa wajen hekta miliyan 5 a Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200.

Gwamnatoci ma suna nasu ƙoƙari. A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Koriyar Ganuwa daga Senegal zuwa Jibuti. A 2015 Najeriya ta kafa hukumar wannan aiki, tana lura da jihohi 11 na arewa. A bakin tuddai kuma mutane sukan kafa shingen kara da rassa layi-layi kamar gidan dara, domin yashi ya tsaya har abin da aka shuka ya kama. Dukan wannan yana da kyau. Amma abin da ya faru a Maraɗi ya fara ne da talaka da wuƙarsa a gonarsa.

Tambayar Ayuba

Tun kafin wannan, Ayuba ya riga ya lura da kututture. A sura 14, yana cikin azaba, ya ce itacen da aka sare ya fi mutum sa'a. Ko saiwarsa ta tsufa, da ya ji alamar ruwa sai ya sake fid da rassa. Amma mutum fa? Idan ya mutu, ina yake? A aya ta 14 ya yi tambayar da kowane mai makoki yake yi, ko wanda ya mutu zai sake rayuwa.

Allah bai bar tambayar nan ba amsa ba. A zamanin annabi Ishaya gidan sarki Dawuda yana gab da faɗuwa kamar itacen da gatari ya ci. Amma a sura 11 annabin ya ce daga kututturen Yesse, mahaifin Dawuda, toho zai fito, Ruhun Ubangiji kuwa zai zauna a kansa. Shekaru ɗaruruwa suka wuce, mutane suna ganin kututture kawai. Sa'an nan aka haifi Yesu a Baitalami, garin Dawuda. Aka sare shi a kan gicciye saboda zunubanmu, aka sa shi a kabari, a rana ta uku ya tashi. Shi ne amsar Ayuba. Duk wanda ya ba da gaskiya gare shi, ko ya mutu zai rayu (Yahaya 11:25).

Ɗan'uwana, 'yar'uwata, wataƙila gidanku ya zama kamar bakin hamada. Ba a rana ɗaya ya zama haka ba. An daina addu'ar safe domin kowa yana sauri ya kama motar shiga gari. An daina cin abinci tare. Maigida da uwargida sun daina ce wa juna “yi haƙuri.” Yara sun daina jin harshen kakanninsu, sun daina jin labarin yadda bishara ta shigo ƙauyenku. Waɗannan su ne ƙananan saiwoyin da suke riƙe gida. Da suka tafi, iska ta shigo. Yanzu kana duban ɗanka da ya bar sujada, ko aurenki da ya bushe, kana cewa ya ƙare. Kada ka yi saurin sa wa kututture wuta. Maganar Allah da aka shuka a zuciyar yaron nan a makarantar Lahadi tana iya kasancewa da rai a ƙarƙashi. Nemi ɗan tohon da ya rage, ka tsare shi, ka yanke abin da yake shanye masa ƙarfi, ka roƙi Ubangiji ya aiko da ruwa. Idan kuwa kai ne ka bushe, ka komo wurin Yesu yau. Bai taɓa korar mai tuba ba.

Abin da za mu yi

Na ɗaya, a sharar gona ta bana, ka bar tohon kututture a gonarka, musamman kaɗanya, da ɗorawa, da tsamiya. Idan kana bukatar itace, ka rage rassa, kada ka kashe gindi. Ka kuma kiyaye wutar daji.

Na biyu, zumuntar mata da ta matasa su dasa itatuwa a harabar majami'a da farkon damina, a ba kowane iyali itace ɗaya su yi renonsa har ya fi ƙarfin akuya. Mata su koya wa juna ginin murhun laka mai cin itace kaɗan.

Na uku, idan Allah ya ba ka zarafin ziyartar tuddan yashi, ka fara tambayar lafiyar hanya. Ka gaida mai gari, ka ɗauki ɗan ƙasa ya yi maka jagora, ka biya shi hakkinsa. Kada ka tuƙa mota a kan ciyawa, kada ka karya shinge, kada ka zub da leda, kada ka ɗauki hoton mutum sai da izininsa. Wurin kallonka gidan wani ne.

Na huɗu, a daren yau ku taru a gida ku yi addu'a tare, ko ta minti biyar ce.

Mu yi addu'a

Ya Ubanmu na sama, ƙasa taka ce, mu kuwa baƙi ne a cikinta. Ka gafarta mana inda muka ci amanarka saboda haɗama ko rashin kula. Ka ji tausayin mutanen da yashi yake cin gonakinsu, ka ba su ruwa a kan kari. Ka ba manomi da makiyayi zaman lafiya. Ka rayar da gidajenmu da suka bushe, ka komo da 'ya'yanmu da suka yi nisa. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.

Tambayoyi domin tattaunawa a gida

1. Waɗanne ayyuka biyu Allah ya ba mutum a Farawa 2:15? Wanne muka fi sakaci da shi?
2. Ku tambayi dattijon gidanku: waɗanne itatuwa ne suke da yawa sa'ad da yake yaro, waɗanda yanzu suka yi wuya?
3. Wace ƙaramar al'ada ta ibada ce ta ɓace a gidanmu, wadda za mu iya komo da ita a wannan mako?

Sai mun sake saduwa a mako mai zuwa, idan Ubangiji ya bar mu da rai. Alherin Allah ya kasance tare da ku duka.